Kaluluwar Karen Yaya

Yayana mai faci ne. Shekara arba'in a bakin titi ɗaya, ƙarƙashin rumfar kwano, da injin iska da bahon baƙin ruwan da yake tsoma tub yana neman inda ke kumfa. Mutum ne da ba ya kai abu gyara. Rediyo, fitila, har haƙorinsa da ya yi girgiɗi, da filaya ya cire abinsa.

Bayan matarsa ta rasu, wani jan kare ya liƙe masa. Ya sa masa suna Bawul. Ni ba son kare nake ba, amma ni ke kai wa Yaya abincin rana, to dole muka saba.

Wata rana yana shafa wuyan karen, sai ya ji ƙullutu biyu ƙarƙashin muƙamuƙi, kowanne kamar ƙwan kaza. Ya laluba bayan gwiwa, can ma akwai. Kaluluwa ce, amma ba rauni, ba zazzaɓi. Yaya yana da fuka, akwai 'yar farar ƙwaya da asibiti ke ba shi. Ita ya riƙa ɓantara wa karen. Kwana uku kumburin ya sace.

Ya ce, "Kin gani? Da na yi boko, da tuni likitoci sun koma faci."

Sai kuma karen ya kama shan ruwa ba ji ba gani, yana fitsari ko'ina. Nan ne fa muka kai shi asibitin dabbobi.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autata ba. Ta soka allura a ɗan abin da ya rage a wuyan, ta shafa a gilashi, ta zuba shuɗin ruwa, ta leƙa a madubinsu na ganin ƙwayoyin cuta. Ta daɗe tana leƙe.

"Baba, ka ba shi wani abu?"

"Ni? Ruwa da ƙashi."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Ƙwayar fukarka fa?"

Ya harare ni. "Ke wa ya sa da ke?"

Likitar ta ce tana zargin sankarar kaluluwa ce, kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai jin magani, akwai mai taurin kai, sai an ga ƙwayoyin cutar ake bambancewa. Ga shi maganin Yaya ya farfasa su, babu abin gani. Sai a janye shi a hankali, a jira wuyan ya sake kumbura.

Bayan an janye shi, sati uku Yaya na zaune da kwalbar ƙwayar a aljihu, yana kallon wuyan yana tasowa. Bai buɗe ba. Na san bai buɗe ba, don ni ma ina ƙirgawa.

Da muka koma, aka yanki ɗan nama aka aika babban ɗakin gwaji. Bayan kwana goma ta kira mu. Mai jin maganin ce. Sai dai ta ce ƙwayar da ya ba shi tun farko takan koya wa cutar gardama.

Yaya ya ce, "'Yata, da ban ba shi ba fa?"

"Wataƙila da ya kai shekara, Baba. Ba wanda ya sani."

Ya ce, "To."

Wata huɗu karen ya yi ana masa allura. Ranar da ya mutu, Yaya ya haƙa masa rami a bayan rumfa, ya rufe, ya wanke hannu, don akwai mai babur yana jiransa.