Junaidu Mai Wuta da Ɗakin Malam

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Rini ya san Baba Junaidu mai wuta. Ko bai san sunansa ba ya san kekensa, da tsani ɗaure a gefe, da jakar fatar da ta girmi wasu magidantan unguwar. Ɗan manoman shinkafa ne daga fadama. Ya shigo birni yana saurayi, ya koyi haɗa waya a hannun wani ɗan kwangila lokacin da ake ta jawo wa tsofaffin unguwanni lantarki. Ba shi da fara'a, gaskiya. In ya shiga gidanka sai ya shinshina soket kafin ya amsa gaisuwa, kuma bai taɓa ganin aikin wani ya yaba ba. Nasa ma ba ya yabawa. Yakan ce waya tsufa take kamar mutum, robarta ta bushe ta tsattsage, mai gida yana kwance yana cewa lafiya lau.

Mahaifina, Malam Abdulwahabu, shi ne malaminsa. Kullum bayan asuba Junaidu zai jingine keken a ƙofar zaurenmu ya ɗauki karatu. Shekara talatin da wani abu bai wuce littafi uku ba, Malam kuma bai taɓa gajiya da shi ba. Junaidu ne ya jawo wa gidanmu lantarki tun ina firamare. Ni ne babban ɗa, Sa'adu, amma Malam Ƙarami yake ce mini, ko da yake aikin ofis na yi har na yi ritaya, karatuna bai kai a kira ni haka ba.

Da Malam ya rasu, ɗakin karatunsa ya dawo hannuna. Littattafai ne tun daga ƙasa har kusa da azara, wasu na ɗab'i, da yawa rubutun hannu, na kakanmu da na kakansa, cikin gafaka. Na rantse ba za a gusar da ko takarda ɗaya daga inda ya bar ta ba. Har buzunsa da tabaraunsa suna nan. Mutane na zuwa su leƙa su yi addu'a, ni kuwa ina jin daɗin yadda ake cewa Sa'adu ya riƙe amana.

Shekara biyar da suka wuce, soket ɗin ɗakin mahaifiyarmu ya yi baƙi. Junaidu ya zo ya duba, ya ce duk gidan sai an sake waya. Na yarda. Sati biyu yana aiki, yana zare tsohuwa yana sa sabuwa cikin bututun roba, ɗaki bayan ɗaki. Da ya zo ƙofar ɗakin Malam sai ya cire takalmi ya tsaya.

Ya ce, "Malam Ƙarami, wayar ɗakin ga ta hi kowace lalacewa. Sai an hidda littattahwan waje kwana biyu. Ba ni hawa tsani ƙahwata bisa littattahwan Malam."

Na ce ba mai fitar da su. Ya ce to a yanke wa ɗakin wuta gaba ɗaya. Nan ma na ƙi, don kullum magariba nakan kunna ƙwan ɗakin kamar yadda Malam yake yi, mahaifiyarmu ta hango hasken daga tsakar gida. Na ɗaga masa murya, ni da ya sha ɗauka a kafaɗa ina yaro. Na ce shekara arba'in da ɗoriya wayar nan ba ta ci kowa ba, sai yau? Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yadda kac ce." Da wani ne ba ɗan malaminsa ba, na tabbata da sai unguwa ta ji su.

Wautata ba ta tsaya nan ba. Da bazara ta kama, na ga takardun suna karyewa don zafi, sai tausayinsu ya kama ni, na sayo iyakwandishan. Ban kira Junaidu ba, na san abin da zai ce. Wani na samo daga kasuwa, ya huda bango ta waje, ya jona ta a tsohuwar wayar. Na riƙa barin ta a kunne ko ba kowa a ɗakin.

Ranar wata Juma'a muna masallaci aka kawo wuta. Kafin mu dawo hayaƙi ya rufe layinmu. Allah ya tsare rai, matan gida sun fita da Hajiya mahaifiyarmu, sauran ɗakunan ma ba abin da ya same su sosai. Ɗakin Malam kuwa, abin da wuta ta bari ruwan 'yan kwana-kwana ya ƙarasa. Junaidu ya riga ni isa. Na same shi durƙushe cikin toka yana tsintar guntayen takardu yana zubawa a hularsa, yatsunsa duk sun yi bororo.

Kowa a unguwa ya san Junaidu ne ya sake wa gidan waya 'yan watanni kafin nan. Ba wanda ya san an tsallake ɗaki ɗaya. Masu zuwa jaje suka fara cewa tsufa ya kama shi, idonsa ya yi rauni, ya haɗa abin da bai kamata ba. A gabana ake faɗa, a zaurena, ina amsawa da Allah ya kiyaye gaba. Ban ce shi ne ba. Ban kuma ce ba shi ne ba. Cikin wata uku aka daina kiransa aiki. Mutumin da ya haska rabin Ƙofar Rini ya koma kasa ƙwan fitila da batir a tebur a bakin titi.

Sai da na shekara kafin na iya zuwa wurinsa. Na zauna a bencinsa na ce, "Baba Junaidu, gobe bayan la'asar zan tashi a masallaci in faɗi yadda abin ya faru."

Ya daɗe yana goge wani ƙwan fitila da gefen rigarsa.

"Kada ka yi," in ji shi. "In kah hwaɗi, cewa za a yi ɗan Malam ya ƙone littattahwan ubanai da hannunai. Wagga magana ba ta ƙarewa, har jikokinka sai an goranta musu. Ni ɗan hwadama na, mi ag gare ni? Bar shi bisa kaina."

Na so a ce na yi masa gardama. Na iya gardama, shi ma shaida ne. Amma ranar ban yi ba. Wani sanyi na ji ya sauka a ƙirjina, irin na wanda aka sauke wa kaya, kuma duk rayuwata ba abin da nake jin kunyarsa kamar wannan sanyin. Na yi masa godiya, na sayi ƙwan fitila biyu da ba na buƙata, na tafi gida.

Bara ya rasu, cikin azumi. 'Ya'yansa suka zo suka ce ya bar wasiyya, ɗan malaminsa ne zai yi masa salla. Na shiga gaba na yi kabbara huɗu, a bayana sahu-sahu na mutanen da har yau suke cewa shi ya ƙone ɗakin.