Thurman da Bugun Ɗaya

Thurman Pettway ba ya taɓa tsirkiya sai ya hura wa jitarsa iska, ya goge da hannun riga har ya ga fuskarsa a ciki. Kowa dai da abin da yake nema a jikin jita.

A yammacin birnin Dayton ya tashi, ubansa na aiki a kamfanin firji. A coci ya fara kiɗa, gaban tsofaffin mata masu manyan huluna waɗanda ke cewa amin ko ya dace ko ya kauce. Da ya shigo ƙungiyar Roscoe Dillard, inda nake buga ganga, ya zaci mu ma amin ɗin za mu ce.

A kiɗan fonk, jita ba sarauniya ba ce. Ka danne wuri guda ka yi ta karta kamar kaza a juji, in ƙirge ya zagayo kan ɗaya kowa ya dira tare. A nan ƙafar mai rawa take sauka.

"Baba Roscoe, wannan ai wanke-wanke ne," in ji Thurman. "Yatsuna goma ne fa."

"Tara sun yi maka yawa, ɗana. Riƙe wurinka."

Wata Asabar da rana muka yi wasa a filin shaƙatawa, ana ta gashin haƙarƙari. Wani wakilin kamfanin faifai ya zo saurare, Roscoe kuma ya gaya mana tun a mota cewa wanda ya kauce ya nemi wata ƙungiyar. Rawa ta yi zafi ke nan sai Thurman ya hango baƙon. Ya zube bisa gwiwa, ya rufe ido, ya haye can ƙarshen wuyan jita yana sa ta kuka. Ɗaya ta zo, muka dira babu shi. Ta sake zuwa. Masu rawa suka tsaya da ƙafa a sama.

Wata mata riƙe da faranti ta ce, "Wa ya taka wutsiyar mage?"

Baƙon ya yaba naman ƙwarai, ya tafi.

Roscoe mutum ne mai haƙuri, ya fi ni. Washegari, ina wurin, ya zaunar da Thurman a garejinsa, ya ɗora faifai a garmaho.

"Wuri guda, har allura ta kai ƙarshe. Ka yi haka, kujerarka na nan."

"Wannan ko barci nake yi, dattijo."

Ya fara, kuma ba laifi, hannun na da kyau. Wajen tsakiyar faifan na ga ƙaramin yatsansa yana rarrafawa ƙasa. Roscoe ya ɗaga gira. Thurman ya miƙe ya jingine jitar a jikin injin yankan ciyawa, ya ce bari ya sayo taba, kada kowa ya ɗage allurar.

Daga baya aka ce yana California, yana gaya wa mutane Dayton ta yi masa kaɗan. Mu dai mun zauna har faifan ya ƙare.