Katin da Na Sauya a Ƙarƙashin Faifan Taurari

Ba na jin zan taɓa mantawa da Talatar makon jiya.

Ni ce Rabi, mai kula da ɗakin kimiyya a wata sakandaren 'yan mata a Daura. Ba malama ba ce ni, takardar sakandare kawai gare ni, aikin ma na wucin gadi ne. Ina wanke kwalabe, in jera kaya, in manna katin bayani a ƙarƙashin kowane hoto. Cikin hotunan akwai biyu na garken taurari, wato dunƙulen miliyoyin taurari a wuri guda. Ɗaya mai hannuwa ne a murɗe kamar guguwa. Ɗayan shafaffe ne, tsakiyarsa a kumbure, ba hannu ko ɗaya, yana cikin wani taron garkuna da ke maƙwabtaka da wanda duniyarmu ke ciki. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakin ɗalibai, sai na raɗa masa "faifan taurari". Shekara biyu ina faɗa, ko sannu.

Sai aka kawo Malama Bilkisu, 'yar Zango, mai digiri. Ta ji kalmar a bakina, ta kai aji. Ran nan na ji shugabar makaranta tana cewa, "Kai, Bilkisu akwai basira, ji sunan da ta ƙirƙiro!" Ni kuwa ina tsaye da tsumma a hannu.

Da aka ce sufeto zai zo daga Katsina duba darasin Bilkisu, na yi sammako na sauya katunan biyu. Na ce bari mu ga digirin.

Sufeto ya zauna da bironsa. Bilkisu ta nufi hoton mai hannuwa, ta ga katin faifai a ƙarƙashinsa, ta tsaya. Sufeto ya riga ta magana: "Malama, faifai da hannuwa? A garinmu dai faifai ba shi da hannu." Ɗalibai suka kwashe da dariya. Shugaba ta juyo: "Wa ke manna katunan nan?"

Wallahi sai lokacin na tuna, kowa ya san ni ce. Kalma ɗaya ta isa a sallame ni.

Bilkisu ta dube ni. Sannan ta ce wa sufeto, "Ranka ya daɗe, ni na sa aka sauya, in ga ko hoto yaran ke kallo ko kati. Rabi, zo ki gyara musu, tunda ke kika raɗa sunan."

Na je, na mayar da katunan mazauninsu. Na ce taurarin faifan tsofaffi ne, iskar da ake samun sababbi da ita ta kusa ƙarewa. Sufeto ya gyaɗa kai, ya yi rubutu.

Da aka tashi Bilkisu ta same ni a bakin famfo. "Ƙanwata, da kin ce abin na damunki, da tuni na faɗa cewa sunan naki ne. Amma kar ki kuma."

Ku da za ku riƙe ɗakin nan bayana, ku sani duk abin da kuka manna, hannunku na kai, ba mai ɗaukar muku laifin. Ni dai an ɗaukar min sau ɗaya. Na gode mata, har ga Allah. Abin da ke cin raina shi ne, har rufin asirin ma ta fi ni iyawa.