Safiyar da Za Mu Kai Jikana Wankin Ƙoda

Jikana yana da shekara ashirin da huɗu lokacin da takalmi ya daina shiga ƙafarsa. Ni na fara gani. Ɗan ɗana ne na fari, a ɗakina ya tashi tun rasuwar uwarsa, ko tarinsa ya sauya sai na sani. Da safe fuska ta yi suntum, idanu sun shige ciki, da yamma kumburin ya gangara ƙafa. Na danna ƙwaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Tsohuwa, ƙiba ce," in ji shi. "Kin ga mijinki ya samu hutu, shi ne kike baƙin ciki."

"Ƙibar da ke sa mutum amai? Tashi ka ba ni wuri."

Daga asibitin Ƙanƙara aka tura mu Katsina. Likita ya ɗebi jini, ya duba takarda, ya ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza. Hawan jini ne da ba wanda ya sani, ga ƙwayoyin ciwon jiki da yake haɗiya kullum in ya dawo gona. Ya ce ƙoda ke tace jini ta zubar da datti cikin fitsari, tunda sun tsaya sai inji ya karɓi aikin. Wankin ƙoda ke nan. Ya so a kwantar da shi ranar, uban ya ce sai mun koma gida an yi shawara, don ya ji ana cewa wanda ya hau injin nan ba ya saukowa. Likita ya ce to, kada mu wuce Laraba. Ya dube ni, da alama ya gane wa ke riƙe da yaron. Ya ce ba gishiri, ba kanwa, ruwa kuwa kofi biyu a wuni, don abin da ya shiga ba ya fita, a ƙirji yake taruwa.

Na riƙe maganar nan kamar da haƙori. Na kwashe randa daga ɗakin, na ɓoye buta. Kofin na ɗaure shi a bakin zanena. Ya roƙa, ya yi zagi, ya ce in mutum ya auri muguwar mata ya shiga uku. Ban ba shi ba.

Kwana uku jikin ya rikice. Shaƙuwa ba tsayawa, susa har jini, bakinsa na warin fitsari. Kwanciya ta gagara, sai a jingine da bango. Ran Talata da azahar hankali ya fara gushewa, ya shiga sambatu. Cikin sambatun ya riƙa kiran maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai sayar da kunun zaƙi a bakin hanya. Yana cewa, "Ga ta can, ta riƙe, ta hana ni. Ku ce ta ba ni."

Ni na san abin da yake nufi. Tun yana yawo ba wando kunun matar nan yake sha, ƙishirwa ce ta kawo masa ita. Amma akwai masu dubiya a ɗakin, na ga sun dubi juna. A wajenmu in majinyaci ya ambaci mutum cikin sambatu, an gama magana: maye ne, ya kama kurwarsa. Maganin kuwa a kawo shi ya tsallake majinyacin, ya kurkure baki a ƙwaryar ruwa, a ɗura wa mai ciwo ya shanye.

Na taɓa ganin haka. Ina yarinya, zamanin Turawa, a ƙauyenmu na wajen Damari, wana ya yi irin wannan kumburin yana saurayi. Ya ambaci wani maƙeri. Aka ɗaure maƙerin a turke, aka doke shi da sandunan kiwo har hannunsa ya karye, ya tsallake wana sau uku yana ihu. Bayan kwana biyu aka binne wana. A lokacin ba inji, ba likita, ba wanda ya san sunan ciwon. Yanzu kuwa an faɗa mana sunansa, an faɗa mana rana.

Safiyar Laraba motar da na sa aka kira tana ƙofar gida tun hantsi bai yi ba. Na ɗaure kaya, na sa wa yaron riga. Sai na ji hayaniya a zaure. Suka shigo da dattijuwar nan mai kunu suna ja, ɗana a gaba, samarin unguwa a baya. Sun fizge mata kallabi, furfura a waje, leɓe ya fashe. Wani ya ɗauko itacen girki ya maka mata a gadon baya, ta faɗi kan gwiwa, ya ƙara. Tana cewa, "Ku ji tsoron Allah, ni na yi mashi wankan jego da uwa tai, mi zan ci a jikinshi?" Wani ya cusa mata ƙasa a baki. Mata suna leƙe ta katanga.

Ɗana ya ce ba inda za a tafi sai ta saki kurwar yaron. Aka ciko ƙwarya da ruwa, babba, irin ta dama fura.

Ɗan nan nawa ɗan fari ne. Shekara hamsin ban kira sunansa ba, ban dube shi ido cikin ido ba. In ina da magana da shi sai in faɗa wa bango, ya ji. Haka aka koya mana, kuma ban taɓa jin nauyin hakan ba sai ranar. Na faɗa wa bango cewa likita ya hana ruwa. Bai ko juyo ba. Suka danna kan matar, ta kurkure baki, jini ya bi ruwan. Ɗana ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya nufi ɗakina. Yaron na jin motsin ruwa ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu.

Taɓarya na jingine a bakin ƙofa. Na ɗauka na sauke ta kan ƙwaryar. Ta tarwatse, ruwa ya wanke masa riga, yatsunsa biyu suka tafi tare da ita, na ji ƙarar ƙashi. Sannan na kira sunansa, cikakke, gaban kowa. Har wanda ke riƙe da itace ya sauke hannu.

"Ni na hana shi ruwa," na ce. "Kwana huɗu ke nan. In mayya kuke nema ga ni, ku zo ku doka. Kai kuma da ka karya tsohuwa da safen nan, kunun wa ka sha jiya?"

Ɗana ya riƙe hannu yana kallona. Ya ce, "Inna, kashe shi za ki yi a hannun baƙi."

"In ya mutu can na ji. Ba dai ka ɗura mashi ajali a ɗakina ba. Kama ƙafafunshi."

Ya tsaya. Na ɗaga taɓaryar kuma. Ya sunkuya ya kama, da hannu ɗaya da rabi. Muka bi ta gefen matar tana kwance a ƙasa, na yar mata da mayafina, ban iya tsayawa ba. Kafin mu dawo 'yarta ta zo daga Faskari ta ɗauke ta, haƙarƙari biyu a karye. Ba ta sake kwana a garin ba. Na aika sau biyu a ba ta haƙuri, ba ta amsa ba, ban kuma ga laifinta ba.

A hanya yaron ya yi amai sau uku. Numfashinsa kamar ana jan zarto. Da muka isa ba su ɓata lokaci ba. Suka tsaga matsematsinsa suka zura wata roba cikin jijiya, ya yi ƙarar da ban ji irinta ba tun ranar kaciyarsa. Injin yana tsaye kusa da gado, tsawonsa ya kai ƙirjina, yana ƙyafta fitilu. Aka kunna. Jini ya biyo siririyar roba, ja wur, ya fita daga jikinsa ya nufi cikin ƙarfe.

Ya buɗe ido ya gani. Ya zabura zai fizge robar. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi ihu, ni kuwa na haye hannunsa na zauna da dukan nauyina. Ya cije ni a kafaɗa, tabon na nan.

"Jinina suke kwashewa! Tsohuwa, sayar da ni kika yi!"

"Wa zai saye ka? Dubi ɗaya robar, shashasha. Dubi!"

Ya duba. Jinin na dawowa ta can, yana komawa inda ya fito. Ya bi shi da ido, fita da shiga, fita da shiga, har hannun ya saki a ƙarƙashina. Ban sauka ba sai da aka kashe injin.

Da la'asar likita ya zo. Ya ce wannan na farko ne, za a riƙa yi sau biyu a mako, ba ranar dainawa, sai fa in wani na jininsa ya ba shi ƙoda ɗaya aka dasa. Na ce a cire tawa yanzu. Likita ya yi murmushi, ya ce Hajiya shekaru sun ja.

"Ƙodar da ta sha goro shekara saba'in?" in ji yaron, murya a dushe. "A bar ni da injina."

Ɗana na tsaye a bakin ƙofa, an naɗe masa yatsu da farin ƙyalle. Ya matso, bai dube ni ba, ya tambayi likita ko mai karyayyen hannu na iya bayarwa. Likita ya ce sai an gwada jini tukuna. Ya ce ina ne wurin gwajin. Aka nuna masa, ya bi ma'aikaciyar.