Tunkun da ya ƙi naman mai tsire

Shekara talatin da ɗoriya ina yanka nama a Jidda, ban taɓa miƙa wa mai rai tsoka ya kau da kai ba sai a cikin gidana. Tsire nake yi, wanda Larabawan nan suke kira siriye, sana'ar da na gada wurin mahaifina tun muna Karantina. Da aka rushe unguwar muka koma Bani Malik, masu sayen suka biyo ni da ƙafarsu. Na faɗi wannan ne don a san irin girman kan da nake yawo da shi lokacin da abin ya faru.

Autata ce ta kawo dabbar gidan. Ita tana ce masa firet, ni kuwa ina ganinsa na ce wannan ai tunku ne, sai dai na Turawa. Dogo ne siriri kamar an cusa auduga a safa, ga ɗan wari, ga rashin kunya. Ta saya masa keji mai hawa uku, ta ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, wai zafin garin nan yana iya kashe shi. Ni da aka haifa a cikin zafin ba wanda ya taɓa tambayata yaya nake ji.

Abincinsa wasu busassun ƙwayoyi ne a leda, kamar kashin awaki. Daga baya ta samu labarin cewa asalinsa maci nama ne, ɗanye ya fi masa, amma irinsu abin da suka saba ci suna ƙanana shi kaɗai suke ɗauka abinci. Ta fara sauya masa a hankali ke nan sai wurin aikinta suka tura ta Riyad horon wata guda. Ranar tafiyar ta tsayar da ni a gaban firji.

"Baba, ga waraƙa nan na manna a tallaja. Shwayya shwayya, kaɗan-kaɗan, ka ji? Rabin cokali kawai a cikin jiƙaƙƙen abincinsa. Kuma kada ka ɗauke masa busasshen, abadan. Ba ya jure yunwa."

Na ce, "Ke, ni za ki koya wa nama?"

"Ba nama nake koya maka ba, Baba. Shi nake koya maka."

Na yi dariya, na sa mata albarka, ta tafi.

Washegari na sa tabarau na karanta rabin takardar, raina ya ɓaci. Zuciyar kaza, hanta, fata, wuya da ƙashinsa, a haɗa da ruwa a markaɗe har ya zama kamar kunu. Waɗannan su ne abubuwan da nake watsa wa kyanwoyi a bayan shago. Kuma a markaɗe! A wurina wanda ya markaɗa nama ya ci mutuncin dabbar da aka yanka. Nan take na gane inda matsalar take: yarinya ba ta san nama ba, tana ba bawan Allah tarkace, dole ya ƙi.

Sai na zaɓo masa cinyar saniya mai kyau, irin wadda nake ɓoye wa manyan masu sayena. Na fere kitsen, na zare jijiyoyin, na yanka fale-fale yadda ake ganin haske ta ciki. Na jera a faranti. Abin da ya biyo baya, wallahi ban yi niyya ba, hannuna ne ya yi da kansa: ya kai ga gwangwanin yaji ya ɗan barbaɗa, ya bi da gishiri. Tunda nake ban taɓa ajiye nama a gaban kowa tsirara ba. Daga nan na kwashe ƙwayoyin na ɗora ledar a saman kabad.

Mahaifiyarta tana tsaye a ƙofa tana kallona.

"Malam, yarinyar nan ta ce kada a ɗauke."

"Hajiya, bar ni da shi. In ya ji yunwa zai gane abin da yake gabansa."

Ya zo ya shinshina, ya yi atishawa sau biyu, ya ja da baya yana kallona kamar na zage shi. Ban damu ba. Na san masu irin wannan yangar, su ne suke dawowa neman ƙari.

Aikuwa da gari ya waye na tarar da farantin tas. Ranar ba wanda ya sayi tsinke ɗaya a wurina bai ji labarin ba. Na aika wa autata saƙon murya ina cika baki, na ce abin da ya gagare ta na gama shi a kwana ɗaya. Ta amsa da murna, sannan ta tambaya: "Kana bin waraƙar, Baba?" Na ce ina bi. Ƙarya ce, na san ƙarya ce tun tana fita daga bakina, amma na ce a raina tunda yana ci ai ba wanda aka cuta.

Kwana na biyu ma farantin tas. Sai dai ya daina wannan tsallen nasa na gefe-gefe da yake yi in an buɗe masa keji, yana ɗan zagayawa ya koma ya kwanta. Na ce ƙoshi ne, nama yana da nauyi.

A rana ta uku, bayan azahar, Hajiya ta kira ni a waya ta ce in bar abin da nake yi in zo. Tun safe tana jin wari a falo. Ni hayaƙi ya daɗe da kashe min hanci, ko da na shiga ban ji komai ba. Hajiya ta ɗaga matashin da ke lungun majalisa, inda baƙi suke zama. Ga namana nan a jere, ya yi kore. Na san yankana, na san yawan da na yanka. Ko ɗaya bai ɓata ba. Kwashewa yake yi yana ajiyewa, kwana uku cikinsa ba komai, ni kuma ina shago ina ba da labari.

Na nufi kejin da gudu. Yana kwance, ido a buɗe bai ganina, yawu yana dalala daga bakinsa. Na ɗaga shi, ƙafafun bayansa suka yi laƙwas. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba a kan abin da bai kai rabin kaza nauyi ba. Tunani ɗaya ne ya tsaya min a rai: wannan abin yarinyar ta fi so a gidan nan, ni ta bar wa shi, kuma ta tambaye ni.

Hajiya ta cire takardar daga jikin firji ta karanta ƙasanta, inda ni ban kai ba. An rubuta cewa in ya yi laushi haka a shafa masa zuma a dasashi a kai shi asibiti nan take. Ta shafa, muka naɗe shi a tawul muka fita.

Likitar dabbobin 'yar Sudan ce, ba ta girmi autata ba. Ta karɓe shi ta shiga ciki, ta daɗe, sannan ta fito ta ce zai tashi in Allah ya so, amma da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ta zaunar da ni.

"Ya ammi, me kake ba shi?"

"Nama. Mai kyau, na yau."

"Zalla?"

"Zalla." Hajiya ta yi gyaran murya. Na ce, "Da ɗan gishiri. Da ɗan yaji kaɗan, saboda ƙarni."

Likitar ta cire tabarau ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta tambaye ni sana'ata, na faɗa mata ƙasa-ƙasa, ta ce ai ta san shagon, tsirena yana da daɗi. Sannan ta maimaita min duk abin da ke cikin takardar nan ɗaya bayan ɗaya, ina cewa na'am.

A cikin mota, a ƙofar asibitin, na kira autata. Na faɗa mata komai, har yajin. Yarinyar nan in ranta ya ɓaci Larabci take zubawa, kalma tana korar kalma, na shirya jinsa. Sai ta ce da Hausa, a hankali:

"Baba, ai na tambaye ka."

Ta ce in ba mamanta wayar.

Sauran watan a ƙasa na yi shi, zaune a gaban keji. Na mayar masa da ƙwayoyinsa. Na je wurin mai kaji na sayi wuya da zuciya da fata, mutumin da ya san ni shekara da shekaru ya ja ni gefe ya tambaye ni ko kasuwa ce ta yi sanyi. Na markaɗa da hannuna, ina kau da kai. Kafin in taɓa sai na wanke hannu da lemon tsami sau uku, don yaji ya riga ya zauna min a ƙarƙashin farce. In dangwalo da ɗan yatsa in shafa masa a baki, ya girgiza kai ya fesa min a riga, in sake. Sau huɗu a rana nake rufe shago in hau benen da muke zaune saboda wannan. A rana ta tara ya lashe yatsan da kansa, ya biyo shi yana neman ƙari, na ji hawaye ya taho min, na ce wa Hajiya hayaƙi ne. Kafin wata ya cika yana tauna zuciyar kaza, har yana ƙwace kan fiffike ya gudu da shi.

Da ta dawo ta gaishe ni yadda ya kamata, ta wuce wurinsa, ta daɗe a ɗakin. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban samu bakin tayarwa ba. Hira dai ta ragu tsakaninmu, kuma hakan ya dame ni ƙwarai.

Bayan wata biyar aka sake tura ta. Na ji tana waya da wata ƙawarta mai ajiye kyanwoyi, na ce shi ke nan, can za a kai shi, kuma ba ni da ta cewa. Safiyar tafiyar sai ga ta a shago da shi a hannu.

"Baba, ara min mizaninka."

Na sauke naman da ke kai na goge. Ta sa shi a roba ta ɗora. A sikelin nan, in na faɗi nauyi ba mai leƙawa, maganata ta isa. Na buɗe baki zan faɗa mata, ta sunkuya ta karanta da idonta, ta rubuta a sabuwar takarda. Sannan ta ɗauko shi ta miƙo min, takardar a kansa.

"In na dawo zan sake aunawa."

Na ce to, na karɓe su da hannu biyu.