Alƙalin da Bai Amsa Sallamata Ba

Ko zan manta komai na zamana a Dubai, ranar da aka kulle ni a ɗakin shari'a ba za ta bar raina ba.

Jikata ce ke karatun lauya a can, malamansu suka ce su zagaya tsofaffin gidajen shari'a na ƙananan garuruwa. Ubanta, wato ɗana, ya ɗauko mota, na ce ba ni za a bari a bene ina kallon bango ba. Muka bar unguwarmu Al Warsan da safe muka nausa cikin duwatsu, wannan gari mu tsaya, wancan mu tsaya. Gidajen shari'ar ginin ƙasa ne mai kauri, kamar na cikin birni a gida.

A gari na ƙarshe, dab da azahar, suna ta ɗaukar hoto a tsakar gida, ni kuma na shiga wani ɗaki mai duhu, takalmina a hannu. Sai ga dattijon alƙali da rawani a kan tabarma, riƙe da sanda, mutane gurfane a gabansa, ɗaya da mari a ƙafa. Na yi sallama. Shiru. Na maimaita, ko motsi. Ni da na yi wa gawa wanka ba adadi, sai da na ja da baya, don wanda ba ya amsa sallama kun san ko wane ne.

Ina cikin addu'a na ji an ja sakata a bayana. Ashe mai gadi ne ya rufe zai tafi masallaci, nawa kuwa sun ɗauka na riga su zuwa mota.

Zafi ya taso, numfashina ya koma sama-sama. Can na ga ƙuda ya sauka a ƙwayar idon alƙalin, bai ƙifta ba. Nan na gane mutum-mutumi ne, shi da mutanensa duka, amma tsoron ƙaruwa ya yi: in na faɗi a nan, duk cikinsu babu mai ɗaga ni.

Na ce, “Allah gafarta malam, ara mini sandarka.” Na zare ta, na yi ta dukan ƙofa har tafina ya fashe.

Jikata ce ta jiyo. Da aka buɗe tana ta kuka, mai gadi na ta “khalas mama, khalas”, wato ya wuce da Larabcinsu, na ce ta share hawaye ta ba ni ruwa, kakarta ba ta mutu ba.

Ranar na koyi cewa a baƙon wuri, komai shekarunka, kada ka ɗaga ƙafa sai ka gaya wa naka inda za ka.