Kwamfutar da Ba Ta Son Baba Garba

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki namu na gyaran kwamfuta, akwai wata Alhamis da ta ƙi fita daga raina. Damina ce, ina shekarata ta uku a shagonmu na Titin Koudoukou. Lokacin ni ne ƙarami cikin masu gyara uku. Sama da ni akwai shef, wato babban masu gyara, sama da shi kuma mai shagon, wanda kowa ke kira Patron. Tsarin shi ne, na'urar da aka kawo shago ta shef ce, wadda kuma sai an je an same ta a inda take, ta ƙaramin ma'aikaci ce, domin shi ne ƙafarsa ba ta da tsada.

Da misalin ƙarfe tara Patron ya kira ni. Ya ce in ɗauki jakata in tafi siton Hajiya Ladi, kwamfutarta na mutuwa da kanta, kuma tun jiya burauzar shiga intanet ta ƙi buɗewa. Ya ƙara da cewa, "Habu, ka bi tsari, kuma duk abin da ta faɗa maka kada ka yi dariya." Na tambaye shi dalili, ya ce in na je zan gani.

Hajiya Ladi babbar dillaliyar albasa ce. Kakanninta daga Nijar suka zo, amma ita nan unguwar Kilomita Biyar aka haife ta, kuma tun rasuwar maigidanta ita ke riƙe da harkar. Muryarta kuwa, in ta yi magana a sito sai an ji a bakin titi. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙuryar siton, tebur ɗaya, kujeru uku, fanka mai tsayuwa guda ɗaya. Mai aiki da kwamfutar wata mata ce, Maryama, 'yar unguwar Yakité, wadda yaren Sango ya fi zama a bakinta, Hausarta kuma sai a hankali.

Bayan gaisuwa Hajiya ta zayyana mini matsalar. Motar albasarta tana tsaye a kan iyakar Kamaru. Wakilinta na can yana jiran a shigar da takardun kayan ta intanet kafin ƙarfe biyu na rana. Ga waɗanda ba su sani ba, manyan motoci a wannan hanya ba sa tafiya ɗai-ɗai, ayari suke yi, kuma motar da takardunta ba su cika ba sai ta jira ayari na gaba. Albasa kuwa a cikin tanfol, da damina, ba ta san jira ba.

Sai ta rage murya, wato ta dawo da ita daidai ta sauran mutane. Ta ce, "Ɗana, ni na san abin da ke kashe ta. Baba Garba ne."

Na ce, "Hajiya, wane ne Baba Garba? Taɓa ta yake yi?"

Ta ce, "Ina fa! Yayan marigayi maigidana ne, tsohon direba. Ko kallonta ba ya yi. Kullum yakan zo gaishe ni da hantsi, wani lokaci ya sake dawowa bayan azahar. Wallahi da ya zauna, kafin ya gama shan shayi, sai ta yi ɗif. Mako uku ke nan ina lura. Ranar Lahadi da bai zo ba, lafiya lau ta wuni. Ni ban ce yana da wani abu ba, astagfirullah. Amma dai akwai jinin da ba ya haɗuwa da na'ura."

Na tuna gargaɗin Patron, na cije leɓe. Maryama ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Hajiya ta ce yau ta aika masa cewa ba ta nan, don a samu a yi aikin cikin kwanciyar hankali.

Tsarinmu a kan na'ura mai mutuwa da kanta, kamar yadda kuka sani, daga bango ake farawa. Na duba soket, na auna wutar, na girgiza wayoyi ko akwai mai sako-sako. Na zare filogin don in gwada batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ya riƙe. Na ɗora hannu a jikin akwatin kwamfutar, na ji shi da sanyi kamar randa. A nan na yi kuskurena na ranar: da na ji sanyin sai na cire zafi daga lissafina, ban buɗe cikinta ba. Na sa ta binciki ƙwayar cuta, ba ta sami komai ba. A gefen akwatin na ga wata 'yar laya an manna ta da salatif, daidai kan hujojin iska. Hajiya ta ce ita ta sa, makon jiya. Na bar ta a wurin.

Tunda lokaci na tafiya, na koma kan burauza, wadda a nan aka fi sani da nabigatair, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. In an danna ta sai ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa, ya gaji, ya ɓace. Na buɗe jerin ayyukan da ke gudana a ɓoye, na tarar da ita har sau huɗu a maƙale, saboda Maryama ta yi ta dannawa. Na kashe su duka, na sake gwadawa, shiru. Daga nan na gane inda ciwon yake. Burauza tana da wata jaka da take ajiye bayanan mai amfani da ita, kuma idan na'ura ta mutu tana tsakiyar rubutu a ciki, jakar kan lalace. Na canza wa tsohuwar jakar suna don kada a rasa ta, na bar burauzar ta ɗinka sabuwa. Nan take ta buɗe.

Hajiya ta yi hamdala. Sai dai sabuwar jaka ba ta san kalmar sirrin shafin da za a shiga ba. Na juya na tambayi Maryama. Ta ce in ba ta wuri ta rubuta da kanta. Hajiya ta ce, "Faɗa masa mana, ai ɗan gida ne." Maryama ta dubi ƙasa, ta dubi rufi, sannan ta ce a hankali, "Hajiya wuluwulu." Wuluwulu da Sango hayaniya ke nan. Hajiya ta ƙura mata ido, can ta ce, "Za mu yi wannan maganar bayan motata ta taso." Ni dai na rubuta, shafi ya buɗe.

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci Maryama ta fara cike takardu. Shafin irin wanda ba ya ajiye komai ne sai an kai ƙarshe. Ta yi kusan rabi sai muka ji sallama daga bakin sito. Fuskar Hajiya ta canza.

Wani dogon tsoho ne ya shigo, da farar hula da sanda, yana murmushi. Ya ce an gaya masa ba ta nan, amma ya ji muryarta tun daga wajen masu canji, sai ya ce bari ya leƙo ya ji labarin mota. Hajiya ba ta da yadda za ta yi. Ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Bisimilla, zauna." Maryama ta tashi ta gaishe shi da Sango, ta jawo masa kujera, ta zuba masa shayi, ta koma kan aikinta. Ni kuma ina tsugune ina ɗaure wayoyi, ina dariya a cikina, ina jiran in ga ƙaryar camfi ta ƙare.

Baba Garba ya shiga ba ni labarin hanyar Kamaru a zamaninsu. Yana cikin kwatanta wata gada, shayinsa bai kai rabi ba, sai allon kwamfutar ya yi baƙi. Ɗif.

Ba zan ɓoye muku ba, dariyar da nake yi a cikina nan take ta ƙare.

Hajiya ta manta da rage murya. Ta ce, "To, ka gani da idonka! Ba na faɗa maka ba?" Tana rufe baki ta gane abin da ta yi. Tsohon ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Ladi, ba sai kin ɓoye ba. Na daɗe da lura. Duk ranar da na zo sai abin nan ya mutu, sai fuskoki su canza. Ni ma har na fara tambayar kaina." Ya dafa sandarsa zai tashi. Ya ce, "Tun da ƙanena ya rasu ban da wurin zuwa da hantsi sai nan. Amma ba zan zama sanadin ruɓewar albasarki ba."

Wannan magana ta fi mutuwar kwamfutar yi mini nauyi. Na ce, "Baba, don Allah ka ba ni minti biyar, kada ka tashi." Ban san abin da zan yi da minti biyar ɗin ba. Na dai kai hannu jikin akwatin don in sake kunna ta, sai na janye da sauri. Zafi kamar kaskon tuya. Akwatin da na taɓa da safe yana sanyi.

Na tsaya na dubi ɗakin kamar yanzu na fara shigarsa. Gefen rigar Baba yana kaɗawa. Takardun kan tebur kuwa, waɗanda tun safe Maryama ke danne su da dutse, sun kwanta lamo. Fankar nan mai tsayuwa, wadda tun zuwana take hura tebur da akwatin da ke ƙarƙashinsa, yanzu ta juya tana kallon tsoho.

Na ce, "Maryama, wa ya juya fanka?"

Ta ce, "Ni. Kullum in Baba ya zo ina juya masa. Babba ne, zafi ba kyau."

Na kwance akwatin a gabansu. Ƙaramar fankar da ke cikin kwamfutar, wadda aikinta shi ne fifita ƙwaƙwalwar na'urar, ta cushe da ƙura da ɓawon albasa har ta zama kamar sheƙar tsuntsu. Na tura ta da yatsa, ta ƙi motsi. Ta daɗe da mutuwa. Ashe duk makonnin nan fankar ɗaki ce ke riƙe da ran kwamfutar. Da an juya ta wajen baƙo, sai zafi ya taru, na'urar kuma an gina ta ne ta kashe kanta kafin ta ƙone.

Ina cikin neman kalmomin da zan yi wa Hajiya bayani, Baba ya riga ni. Ya leƙa cikin akwatin, ya ce, "Af! Ashe lagireto ce ta tafasa. Ladi, ko sabuwar mota ce, in fankar inji ta tsaya, ba ta kai ki ko garin Boali." Ya fashe da dariya har da buga sanda a ƙasa.

Sha biyu ta wuce. Na kira Patron na gaya masa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Da ka isa ka buɗe ta?" Na ce a'a. Sai ya ce fanka mai wannan girman sai an nemo a cikin gari, ba za ta iso kafin biyu ba, in yi dabara. Na share ƙurar da buroshi, na bar akwatin a buɗe, na kafa masa fankar ɗaki kai tsaye. Layar kuma na ɗauke ta da ladabi na mayar da ita gefen da babu huji, na ce wa Hajiya a nan za ta fi jin daɗin aiki.

Maryama ta sake farawa daga farko. Ɗakin ya ɗauki zafi, gumi na zuba daga kowa. Hajiya ta yage gefen wani kwali, ta ja kujerarta kusa da tsohon, ta shiga yi masa fifita da hannunta. Ya ce ta bari, ta ce, "Yaya, ka yi shiru kawai. Hakkinka nake ragewa." Ya gyara zama, ya ce to ta ɗan ƙara ƙarfi ta wajen wuya.

Biyu saura kwata takarda ta ƙarshe ta shige. Bayan minti kaɗan wakilin ya kira ya ce sun gani, mota za ta bi ayarin safe. Hajiya ta yi guɗa. Washegari na dawo na sa sabuwar fanka, na tarar ta sayi fankar ɗaki ta biyu, an kafa ta a gefen kujerar Baba.

Da na koma shago Patron bai yi mini faɗa ba. Ya sa ni dai na maimaita tsarin a gaban shef, tun daga bango har zuwa buɗe akwati, sau biyu, kamar ɗan makaranta.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuka shigo aikin nan bayana, guda biyu ne. Na farko, kada hannunka ya yanke maka hukuncin abin da idonka bai gani ba. Buɗe akwatin. Na biyu ya fi wuya. Mai kaya zai zo maka da bayanin da zai ba ka dariya: aljanu, maita, jinin wani. Fassarar tasa ce ba daidai ba, amma abin da ya lura da shi sau da yawa gaskiya ne, domin shi yake zaune da na'urar kullum, kai kuwa baƙon awa ɗaya ne. Hajiya ta yi mako uku tana tattara shaidar da babu wata manhaja da za ta ba ni, ni kuma na kusa zubar da ita saboda ina jin na fi ta sani. Ku saurari mutane har ƙarshe, sannan ku tambaya me ke canzawa a ɗakin. Wani lokaci abin da za ku ceto ba na'urar ba ce kaɗai. Da na tsaya ga dariyata a ranar, da an sayi sabuwar kwamfuta, wani tsoho kuma ya koma gida yana zargin kansa a kan laifin ɓawon albasa.